Maganar Gonar Gyaɗa

A gonar gyaɗa ya faɗa mini, muna tsakiyar cira. Maigidana mutum ne mai surutu, ko kaza ce ta gifta sai ya yi mata sharhi, amma a 'yan kwanakin nan bakinsa a ɗinke yake, tuwo ma sai ya tsakura ya ture kwano. Na ɗauka zazzaɓi ne. Sai kawai ya ajiye fartanya ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Maman yara, tsohuwan nan mai itace, ni na buge. Ba ƙaninki ba."

A lokacin ƙanena, autanmu, yana hannun 'yan sanda a Mubi. Mashin ɗinsa ne ya buge wata tsohuwa a kan hanyar Vimtim zuwa gari, ta rasu kafin a kai ta asibiti. Wani manomi ya hango mashin ɗin ta baya yana gudu, ya gane jan ƙyallen da ke kan kujerar. Auta ya rantse cewa surukinsa, wato maigidana, shi ne ya ari mashin da sassafe, ya dawo ya jingine shi a gindin mangwaro. Maigidana ya ce wa 'yan sanda shi bai ari komai ba. Babu wanda ya ga aron. Ni kaina ina rijiya a safiyar.

Na jira ya je ya faɗi gaskiya da bakinsa. Na roƙe shi, na zage shi, na daina yi masa magana, na dawo na sake roƙo. Kullum amsar ɗaya ce: in aka ɗaure shi, wa zai ciyar da yara? Mahaifiyata, wadda Hausarta ba ta raba mace da namiji, ta kama hannuna ta ce, "Kai ka ji da kunnenka. Ka je ka faɗa wa alƙali, shi ke nan." Ni ma haka na zata, shi ke nan.

Lauyan da cocinmu ta samo mana ya gargaɗe ni tun a ofishinsa cewa maganar gona ba za ta shiga kotu ba. Na gyaɗa kai kawai. A raina na ce, bari dai a ba ni wurin tsayawa, mu ga mai rufe mini baki.

Kafin ni, an kira wani jami'i mai duba ababen hawa, aka ce ƙwararre ne. Bai ga hatsarin ba, bai san tsohuwar ba, ina jin ko Vimtim bai taɓa takawa ba. Ya ce a nasa ra'ayin, yadda ƙarfen gaban mashin ɗin ya lanƙwashe da yadda fenti ya goge sun nuna shi ne ya yi bugun. Alƙali ya rubuta. Ban ji haushinsa ba, gaskiya ya faɗa. Sai dai ƙarfe ba ya faɗin wanda ya hau shi.

Da aka zo kaina, na ce na ga gwiwar wandon maigidana a yage ranar, na ga ya daina cin abinci. Na ce, "Ni na san shi. Mutumin nan yana ɗauke da alhaki."

Mai gabatar da ƙara ya miƙe ya ce wannan ra'ayina ne, ni kuwa ba ƙwararriya ba ce. Alƙali ya ce in tsaya a kan abin da idona ya gani. Na haifa wa mutum 'ya'ya, na san tarinsa daga bayan katanga, amma a kansa ban kai mai duba fenti ba.

Sai na ce, "To, ranka ya daɗe, shi da kansa ya ce mini a gona..."

Ban kai ƙarshe ba. Alƙalin bai yi mini tsawa ba, da ma ya yi, da na samu abin da zan tsana. A hankali ya ce doka ta tsare maganar da miji ya yi wa matarsa a cikin aure. Ba za a tilasta mini in faɗa ba, ba kuma za a bar ni in faɗa ba, sai in shi mai maganar ya yarda. Na juya na dubi auta a cikin akwatin masu laifi. Kansa a ƙasa yake.

A waje na tare lauyan. "Oga, in na rabu da shi fa? Yau ɗin nan sai in kwashe kayana."

Ya ce, "Madam, ko kin rabu da shi, lokacin da ya faɗa miki ke matarsa ce. An yi dokar ne don miji da mata su iya sakin jiki da juna, don gida ya zauna lafiya."

Na yi dariya har mutane suka waiwayo. Gida ya zauna kam.

Da yamma na samu maigidana yana gyara rumbu. Na durƙusa, abin da ban taɓa yi masa ba ko ranar aure, na ce ya ba ni izini kawai, ba sai ya je ba. Ya daɗe yana murza igiya a hannunsa, sannan ya ce, "Ai shi ya sa ke na faɗa wa." Ban san ko ya san dokar tun farko ba, ko kuwa yana nufin ni ce tasa. Ban tambaya ba, don duka biyun ba su da daɗin ji.

An ɗaure auta. Ban bar gidan ba. Yara suna makaranta, fitar kuma ba za ta buɗe komai ba. Ranar ziyara tukunya ɗaya nake dafawa, in zuba wa maigidana nasa, in ɗaure sauran a kula in hau mashin zuwa gidan yari. Auta ya rame, ya daina tambayar gonarsa. Zuwana na baya ya ci loma biyu ya ce, "Adda, mijinki yana lafiya?"

Na ce lafiyarsa ƙalau. Tun ranar da ya faɗa mini, cin abincinsa ya dawo.