Mai Famfon Bene Mai Huda

Baba mai famfo yana ɗan shekara goma sha tara ya shigo benen nan da kwanon siminti a ka, tun ba a ɗora hawa na biyu ba. Da aka gama gini magina suka watse, shi ya zauna. Aka ba shi ɗakin ƙarƙashin matattakala. A nan ya yi aure, daga nan ya aurar da 'ya'ya huɗu. Kunne yake karawa a bango ya gaya maka inda bututu ke yoyo.

Ni aiki ya kai ni. An ce za a rushe benen, ofishinmu kuma yana so a sa shi cikin gine-ginen tarihi, saboda bulonsa mai huda da ke shigo da iska. Iyali talatin ne a ciki, duk sun sa rai rahotona zai bar su a ɗakunansu.

A jami'a an koya mana ɗaukar hoton gini shi kaɗai, kada komai ya tare shi. Na kasa faɗa wa matan gidan, sai na raɗa wa Baba. Ya bi hawa-hawa yana buga ƙofa.

"A kwashe shanya, 'yar boko za ta ɗauki hoto. Uwar tagwaye, janye murhun nan."

"Kai wa zai janye ka, tsohon bututu?" in ji ta.

Can ya fito cikin fararen kaya masu karin guga, ya tsaya bakin ƙofa riƙe da sifanarsa ta ɗaure famfo. Na leƙa kyamara, ya tare ginshiƙi.

"Baba, ɗan matsa."

"Nan, 'yata?"

"Ƙara dai."

Sai da ya fita daga hoton gaba ɗaya. A rahoton ma na auna kowace taga, ban ambaci mutum ko ɗaya ba. Fom ɗin bai tambaya ba.

Ranar zaman kwamitin da zai yanke hukunci kan benen, shugabansa ya yi ta juya hotunan. Ya ce, "Da alama an daɗe da barinsa. Gyara ba zai yi wuya ba."

Ina kujerar baya. Na sunkuyar da kai ina duban takalmina. Aka sa hannu: a adana bene, a mai da shi gidan tarihi, duk wanda aka tarar ya tashi. Ni aka ba takardar in kai.

Na sami Baba tsugune yana ɗaure famfon tsakar gida.

"Yaya, 'yata? Mun tsira?"

"Ginin ya tsira, Baba."

Ya goge hannu a wando, ya ɗaga kai ya fara kiran matan sama su sauko ya yi musu albishir. Takardar tana cikin jakata, na kasa buɗe zip ɗin.