Gyambon Inna da Injin Madani

Gyambon da ke ƙafar Inna ya girmi ɗana na fari. A saman idon sawunta na hagu yake, faɗinsa kamar bakin kofin shayi, kuma ni ke wanke shi da ruwan gishiri tun ina budurwa. A tsaye ta yi ƙuruciyarta, tana tsinkar auduga a hawasharmu, wato gonarmu, har jijiyoyin ƙafar suka murɗe kamar igiya. Mun sa zuma, mun sa garin bagaruwa, mun je asibitin Sinnar. Sai ya yi kamar zai rufe, da damina ta sauka ya sake buɗewa.

Yayana, mai tuƙa mota a birnin Madani, shi ya zo da labarin wani likita da ke neman masu irin wannan ciwon. Ya ce yana da inji mai buga wurin da ƙara, ba yanka ba allura.

Inna ta ce, "Ciwon da ya ƙi jin zuma shi zai ji ƙara?"

Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Tun da nake, marar lafiya ke neman likita. Me ya sa wannan ke aiko a kawo masa mutane? Na tambayi Yaya, ya ce in bar saƙe-saƙe. Da warin ciwon ya fara hana jikoki zama kusa da ita, Inna da kanta ta ce mu tafi.

Likitan matashi ne, mai yawan murmushi, ni kuwa murmushin bai kwantar mini da hankali ba. Ya miƙo takarda da Larabci, ya ce a sa hannu. Na karanta a hankali, har na zo wurin da aka rubuta cewa gwaji ne.

Na kira shi yadda ake kiran likita a nan, na ce, "Hakim, gwaji a ƙafar uwata?"

Bai ɓoye ba. Ya ce a wasu wurare an ga alamar bugun yana tayar da jinin da ke kewaye da ciwon, nama ya tsiro, amma ba a tabbatar ba tukuna. Na fassara wa Inna. Ta daɗe tana kallon injin, akwati ne mai igiya da wani kai kamar guntuwar taɓarya.

"Ce masa ya fara ɗora wa kansa."

Ya naɗe hannun riga, ya shafa wani mai mai sanyi, ya ɗora. Injin ya shiga tas-tas-tas kamar ana fasa gyaɗa. Inna ba hannunsa take kallo ba, fuskarsa take kallo. Da ta ga bai yamutsa ba, ta dangwala yatsa a takardar.

Sau ɗaya a mako muke zuwa, muna zaune a gidan Yaya. A rufe ciwon da leda, a buga na ɗan lokaci, a ɗaure ƙafar da bandeji tamau daga tafi zuwa gwiwa. Kafin a ɗaure sai ya ajiye ma'auni a gefen ciwon ya ɗauki hoto. Hoton nan ya dami Inna ƙwarai. Ta ce wa zai gani, a wace ƙasa, kuma me za su yi da shi? Ya rantse ba a ganin fuska. Duk da haka sai ta ja mayafi ta rufe kanta.

Ba ta yarda da ma'auninsa ba. Ta karya tsinken tsintsiya daidai faɗin ciwon, ta ƙulle a bakin zane. Duk ranar da aka kwance bandeji sai ta fito da shi ta gwada da kanta. A mako na huɗu tsinken ya fi ciwon tsawo. Ta mayar da shi bakin zane. A cikin mota ta raɗa mini, "Kada ki nuna masa mun ji daɗi."

Muka yi wata uku. Wurin ya rufe, ya bar baƙin tabo mai sheƙi. Ran sallama na tambayi likitan, tsakaninsa da Allah, injin ne? Ya ce ba zai iya rantsewa ba. Wataƙila ɗaurin ne, ko kuma hutu, don ga shi matar Yaya ta hana Inna ko ɗaukar buta, ƙafa na kan matashi yini guda. Ya ce kada ta daina sa bandeji.

Da muka koma gida, wani maƙwabcinmu mai irin ciwon ya zo ganin ƙafar da idonsa. Washegari ya shiga mota zuwa Madani. Bayan wata biyu ya dawo da gyambonsa yadda ya tafi da shi, ya daina gaida Yaya in ya zo ganin gida. Matarsa ta tare ni a bakin rijiya, ta ce ko dai akwai wani maganin da muka ɓoye musu. Na rantse mata babu. Ta ɗauki tulunta, ban ga alamar ta yarda ba.