Keken Kawu Shaame

Shekara talatin da ɗaya Kawu Shaame, yayan mahaifiyata, ya yi yana kai saƙon mutuwa a ƙauyukanmu na arewacin tsibirin Pemba. A wurinmu ba a aika rasuwa ta bakin mai wucewa, sai mutum ya taka har ƙofa. Shi ke takawa, a kan baƙin kekensa mai ƙararrawa. Mata na shanya kanumfari, da sun ji ƙararrawar sai su dafe ƙirji. Mujiya suke kiransa, har a gaban idonsa.

Nakan zauna da shi bayan la'asar, yana shan gahawa yana ba ni labarin manzanni. Duk ya haddace su: wanda aka jefa da duwatsu, wanda aka kira mahaukaci.

"Amma ɗana," in ji shi, "kowane manzo Allah ya haɗa masa gargaɗi da bushara. Ni rabi aka ba ni. Ko sau ɗaya in buga ƙofa a yi murna."

Da auren 'yarsa Riziki ya tashi, ya ce shi zai kai gayyata gida-gida. Ya wanke keken, ya sa farar riga, ya shafa turare.

Gidan Bi Chumu, uwar ango, ya fara zuwa don girmamawa. Garin zumuɗi ya kaɗa ƙararrawa. Kafin ya yi sallama ta zube ƙasa tana kiran sunan ɗanta, wanda ya fita kamun kifi tun asuba. Maƙwabta suka cika gidan da salati.

"Biki ne! Wallahi biki na kawo!"

Da ta farfaɗo ta dube shi. "Shaame, ka so kashe ni? Mujiya da farar riga ai mujiya ce. Koma gida, muna da masu ƙafar alheri."

Wasu suka kai gayyatar. Ranar ɗaurin aure aka roƙe shi ya bar keken a gida, ya kuma zauna can baya. Ya zauna.

Da na je wurinsa da la'asar a ranar, ban ji labarin manzo ko ɗaya ba. Gahawarsa ta huce. Can aka yi sallama: liman ne, wata tsohuwa ta cika a Konde.

Kawu ya tuɓe farar rigar, ya ninke.

"Miƙo mini keken," ya ce.