Jirgin Da Na Zaɓa Da Idon Mai Doki

Shekaru kaɗan bayan samun mulkin kai na baro aikin soja na dawo ƙauyenmu kusa da Keita, ga ƙuruciya ga taurin kai, ba na iya zama wuri ɗaya. Duk damina tabki kan cika ya raba mu da gari, sai mutum ya yi zagayen rabin yini kafin ya kai kasuwa ko gidan likita. Sai na ƙudurta zan kawo jirgin ruwa mai inji. Mutane suka yi ta dariya, ni kuwa dariyar ta ƙara tunzura ni.

Na tafi har Gaya, bakin kogi. Can na tarar da jirage biyu, tsawonsu ɗaya, injinsu iri ɗaya. Ɗaya gindinsa shimfiɗe kamar faifai, ɗayan ƙirjinsa da tsini, yana tsaga ruwa. Kwana uku ina kai da komo tsakaninsu, abinci ma ba ya shiga. Wani tsohon masunci ya tambaye ni zurfin ruwanmu da abin da ke ƙasansa. Wallahi ban sani ba, ban taɓa aunawa ba, amma na ji kunyar faɗi. Ya ce in ruwan tabki ne mai laka, in ɗauki mai shimfiɗaɗɗen gindi. Ni ɗan Adar, da doki na saba, kuma a wurinmu ƙirji ake dubawa. Na shafa mai tsinin nan, na ce ba zan koma gida da akushi ba. Aka ɗora shi bisa kamiyo, babbar motar kaya.

Tsakiyar damina ya yi aiki, har na fara ɗaga kai. Da kaka ta matso ruwa ya ja baya. Wata hantsi kububuwa ta sari ɗiyata a gona, shekararta bakwai. Yayana ya ce a sa ta bisa raƙumi a zagaya, na ce jirgi ya fi sauri. Muna tsakiyar tabki ƙirjin ya nutse cikin laka. Na ja inji har ya yi hayaƙi, na shiga ruwa na tura, laka ta kama ni har cinya. Yarinya tana kirana, ƙafarta tana kumbura a gabana. Sai bayan la'asar muka fito da ita bisa kafaɗa. Ta rayu, amma ƙafar ba ta tsira ba.

Har gobe abin yana cina. Ba jirgin ya cuce ta ba, ni ne, da na kasa ce wa tsoho ban sani ba. 'Yan'uwa, kafin ku zaɓi abu don kyansa, ku fara sanin inda za ku sa shi, kuma ku saurari mai sana'a. Ɗiyata yanzu tana da jikoki, tana tafiya da sanda, kuma ba ta taɓa tambayata abin da ya sa ban bi maganar yayana ba.