Awon Ƙafar Surukina

Na shekara fiye da goma ina saƙa safa kafin in gane ban iya ba. Laifin jarirai ne. Jariri ba ya taka ƙasa, ba ya ƙorafi. In safa ta yi masa yawa a ce zai girma ya same ta, in ta yi kaɗan a ce yaron ne mai jiki, ma sha Allah. Haka na yi ta raba hula da safa a gidajen suna a cikin Kazaure, mata suna yabona, kaina yana ƙara girma.

Wadda ta koya mini riƙon kwarashi maƙwabciyarmu ce, Kirista, malamar firamare, 'yar kudancin Kaduna da aiki ya kawo su garin ita da mijinta. Anti nake ce mata. Mace ce mai faɗa a kan saƙa. In ta ga ƙulli ɗaya ya karkace sai ta zare kwarashin ta ja zaren, aikin yini guda ya warware a gabana ina kallo. Ta sha gaya mini cewa safar babba daban take da ta jariri, ni kuwa in ce a raina ai ƙara tsawo ne kawai.

A wata bazara aka kawo mana Baba, mahaifin maigidana, daga ƙauyensu da ke bayan Roni. Manomi ne, ciwon suga ya kama shi da girma. Wani ɗan ciwo ya fito masa a ƙarƙashin babban yatsan ƙafa, bai ma ji shi ba sai da ya yi ruwa. Shi da surukata, wadda muke kira Inna, suka sauka a ɗakin da ke kusa da zaure, kullum ana kai shi wankin ciwon a asibiti. Da ciwon ya rufe, nas ɗin da ke duba shi ta yi wa maigidana magana ba ɓoye-ɓoye. Ta ce ƙafar nan ba ta jin zafi yadda ya kamata, don haka kada ya sake takawa ba takalmi, kada ya sa takalmi ba safa, kuma kada safar ta matse shi. Ta ce in wani ciwon ya sake buɗewa ya ƙi warkewa, yankewa za a yi.

Aka sayo safar kasuwa. Yini ɗaya robar bakinta ta yi masa shati a ƙwauri kamar an ɗaure da igiya. Maigidana ya sa reza ya yanke robar, safar ta zube ta taru a cikin takalmi. Baba ya cire ya ajiye, ya ce shi tun da aka haife shi bai taɓa ganin manomi da safa a tsakiyar bazara ba. Sai maigidana ya juyo kaina.

"Ke da kike saƙa, ba za ki yi masa wadda ba roba ba?"

Na ce me zai hana. Sai da na ɗauko kwarashi sannan na tuna ban san girman ƙafarsa ba.

Wanda bai san zamanmu ba zai ce a je a auna mana. To, suruki ne. Daga bakin ƙofa nake durƙusawa in gaishe shi, kaina a ƙasa, ya amsa yana kallon wani wuri. In yana son ruwa, Inna yake gaya wa, ita ta gaya mini, ko da ina tsaye a wurin. Abin da ya ba ni mamaki da kaina, shekaru ina sunkuyar da kai a gabansa, ƙafafunsa ne a saitin idona, amma da za a ce in faɗi kamanninsu ba zan iya ba. Na ce wa maigidana ya ɗauki tef ɗin tela ya auno. Ya dube ni kamar na ce ya hau rufin ɗaki ya yi rawa. Shi ne ɗan fari, Baba ko sunansa ba ya kamawa, ta ina zai fara cewa miƙo ƙafarka? Abin da ya iya kawo mini shi ne lambar takalmi. Na je wurin Inna. Ta yi dariya har da tafa hannu.

"Ƙafa ai ƙafa ce, 'yar nan. Kamar ta kowa. Ki yi taƙi ɗaya da 'yan yatsu."

Taƙin wa, nawa ko nata, yatsu nawa, ba ta ce ba.

Sai na koma ɓarauniyar takalmi. Yana shiga ɗaki ya kwanta bayan azahar na lallaɓa na ɗauke ƙafa ɗaya daga bakin ƙofa, na zana ta a kan kwali, na mayar. Na zaɓi zaren ulu mai kauri, ruwan ƙasa, irin wanda nake yi wa jarirai rigar sanyi da shi, don a ganina ya fi laushi. Kwana huɗu na gama, na ba Inna ta kai.

Washegari na hango shi zai fita, diddigen safar yana reto a saman takalmin. Ashe takalmin da na sata ba girmansa ba ne, an sayo shi da yawa ne lokacin da ƙafar ke naɗe da bandeji. Da yamma Inna ta kawo safar a wanke, jiƙe sharkaf da gumi, ta ce Baba ya ce an gode, Allah ya yi albarka. Bai sake sa ta ba.

Na kai wa Anti ta gani. Ta juya ta, ta ja, ta shinshina, sannan ta tsinko ɗan zare ta ce in kawo ashana. Tana sa masa wuta ya narke ya dunƙule ya yi baƙi, yana warin ƙonanniyar leda. Ta shiga ɗaki ta fito da wani zare siriri fari, ta ƙona shi ma. Wannan ya ci da wuta ya zama toka, na murza a yatsa ya bi iska.

"Kin gani? Wancan roba ce, suna kawai aka sa masa ulu. Leda kika ɗaura wa tsoho a ƙafa cikin wannan zafi. Wannan auduga ce, tana shan gumi. Amma ki sani ba ta miƙewa. Yadda kika saƙa ta haka za ta zauna. Sai kin auna shi."

"Anti, suruki ne fa."

"Surukin ba shi da ƙafa ne?"

Ni kuwa hankalina ya tafi kan ashanar. Ranar sai da na ƙona ɗan guntu daga kowane zare da ke cikin jakata, har da zaren ɗinkin hula, ina kallon wanda zai narke da wanda zai yi toka. Kusan duka leda ne. Shekara goma ina tufatar da 'ya'yan mutane da leda.

Na ba da saƙo aka kawo mini zaren auduga daga Kano, da kwarashi ƙarami. Saura awo. Dabarar ta zo mini ina shara. Baba yana alwala a kan simintin da ke gefen zaure, in ya wanke ƙafa yakan taka sau ɗaya kafin ya zura takalmi. Sawun yana fitowa ɗas, yatsu biyar da diddige. Sai dai simintin bazara ba ya jiran kowa. Ranar farko kafin in iso da zarena rabin sawun ya bushe. Rana ta biyu na laɓe a bayan randa da guntun gawayi a hannu, yana juya baya na fito na zagaye sawun. Inna ta gan ni a tsugune ina zane a ƙasa, ta ce lafiya, na ce kiyashi nake bi.

Na daɗe ina kallon zanen nan. Ƙafar gajeriya ce, mai faɗi sosai ta gaba, yatsun a warwatse kowanne da gurbinsa, ba irin ta maigidana da takalmin ofis ya matse wuri ɗaya ba. Na yi ta mamakin yadda tafiya a kunyar gona take buɗe ƙafar mutum. Daga nan na kamu da kallon ƙafafun jama'a. A gidan biki, a layin asibiti, a cikin adaidaita, kowa na kallon atamfa ni ina kallon diddige, ina lissafin inda zan rage ƙulli da inda zan ƙara.

Safa ta biyu ta ci mini kwana tara, don zaren siriri ne. Na bi zanen sau da ƙafa, na mayar da kowane ƙullin zare ta waje don kada ya goge shi. Ta dama na zana, na yi ta hagu daidai da ita. Da safe na hango ta a ƙafarsa, ta zauna kamar a nan aka halicce ta. Na shiga ɗaki na yi 'yar rawata ni kaɗai. Ya sa ta ranar, ya sa washegari, ya sa har kwana biyar, Inna na wankewa da magariba tana shanyawa.

A rana ta shida Inna ta same ni a madafa. Ba ta yi dariya ba.

"Zo ki ji. Ƙafar hagun nan ta tashi. Bororo ne a bayanta, kusa da idon sawu, ya fashe."

Ludayin da ke hannuna ya faɗi. Abin da ban sani ba, sawu tafin ƙafa kawai yake nunawa, ba ya nuna tudun da ke sama. Kuma ƙafar Baba tana kumbura in rana ta yi, wadda ta shiga safa da safe ba ita ce ke cikinta da la'asar ba. Auduga ta tsaya inda na tsayar da ita, ƙafa ta cika ta, bakin safar ya yi ta cin fata. Nas ta wanke wurin, ta naɗe, ta tambayi wanda ya yi safar. Maigidana ya ce iyalinsa ce. Ta ce aikin ya yi kyau, amma wa ya auna?

Na ji tsoro, na ji haushi. Haushin kaina, da na maigidana, da na Inna da taƙinta, har da na Baba, don nas ta ce wurin idon sawu yana da sauran ji, ba yadda za a yi a ce bai san tana cinsa ba. Mu huɗu manya a gida ɗaya, kowa na kare kunyarsa, ƙafar mutum na shirin tafiya.

Washegari bayan la'asar, lokacin da na san kumburin ya kai iyakarsa, na sa hijabi na ɗauki zare da almakashi. Suna zaune a tabarma a ƙofar ɗakinsu. Na durƙusa inda na saba, na gaishe su, sannan na matsa gaba har bakin tabarmar.

"Baba, ka yi haƙuri. Ƙafarka nake so in auna."

Inna ta rufe baki da hannu. Har na fara tunanin ta inda zan tashi. Sai Baba ya jawo hiramin da ke kafaɗarsa ya lulluɓe kansa da fuskarsa gaba ɗaya, ya miƙo ƙafafun biyu.

Na fara da ta dama. Tsawo, faɗin yatsu, zagayen tudu, zagayen idon sawu, kowanne na yanke zare daidai da shi na ƙulla alama. Fatar da sanyi duk da zafin garin. Da na zo ta hagu, na bi gefen bandejin a hankali, na ga ta fi 'yar'uwarta kauri da kusan yatsa biyu, kuma ƙaramin yatsan ya hau kan na kusa da shi. Akwai wani tsohon tabo dogo a gefe.

"Fartanya ce," in ji shi daga cikin hiramin. "Ina yaro. Tun daga nan ta fi ɗayar."

Na ce, "To, Baba."

"Tun rana ta biyu na ji tana cina. Na ce yarinyar nan ta sha wahala a kanta, na riga na mayar mata da ta farko."

Na ci gaba da ƙulla zarena. Inna ta tashi wai za ta duba awaki, alhali ba mu da awaki a gidan. Da ya ji takunta ya yi nisa, sai ya rage murya.

"Ke kina jin abin da suke faɗa a asibitin. Shi mijin naki ba zan iya tambayarsa ba. Yanke ta za su yi?"

Na ce ban sani ba, Baba. Na ce nas ta ce ciwon bai yi zurfi ba, an gan shi da wuri. Na ce abin da ke hannuna shi ne in yi wadda ba za ta sake taɓa shi ba, kuma daga yau in wani abu ya matse shi, ko a ƙafa ko a ina, ya faɗa, ko da ni na yi shi.

Hiramin ya ɗan motsa, na gane kai yake gyaɗawa.

"To ki auna da kyau, 'yata," ya ce. "Ina son abata."

Na warware zaren na sake zagaya ta hagun daga farko.