Gaisuwar da aka yanke wa tsohuwar Karantina

Shekarun baya, tun unguwar Karantina ta nan Jidda tana cike da mutanenta ba a kai ga rushe ta ba, na yi wani aikin rediyo wanda har yau in na tuna shi sai na ji wuyana ya yi zafi. Da yawanku kun san kafin aure ya kawo ni Jidda na yi aiki a wani gidan rediyo a gida Najeriya. Da na zo nan zaman ɗaki ya so ya haukata ni. Maigidana ya fita tun safe, ni kuma ina unguwar Sharafiyya a ɗaki biyu, daga taga sai kicin.

Ana nan sai wani tsohon abokin aikina ya kira ni. A lokacin shi ke tace shirye-shirye a tashar, wato shi ke yanke abin da ba a so, ya haɗa sauran. Ya ce za su fara shirin tsofaffi, a naɗi muryoyinsu suna ba da tarihin rayuwarsu da bakinsu tun suna raye. Ya tambaye ni ko zan samo musu tsofaffin Hausawan Jidda, irin waɗanda suka tako da ƙafa tun daga ƙasar Hausa. Kafin ya rufe baki na amsa. Na sayi ƙaramar rikoda, har da littafin rubutu mai bango mai kyau, ina ji da kaina kamar ni kaɗai zan ceto tarihin Hausawa.

Maƙwabciyata, haifaffiyar nan ce, ita ta kai ni wurin wata tsohuwa a Karantina. Mun bi lunguna har na daina gane gabas, sannan muka shiga wani ɗan gida mai tsabta, ƙamshin turaren wuta ya cika shi. Tsohuwar tana zaune a kan darduma, siririya, idonta ɗaya ya yi hazo. Kowa a layin Hajja yake ce mata. Ita ta karɓi haihuwar rabin matan unguwar, kuma in mace ta rasu ita ake kira wanka.

Da na faɗi abin da ya kawo ni, ta ce ita ba ta da wani labari, in sha shayi in tafi. Na lallaɓa, na kawo dalilai irin na 'yan boko, cewa tarihi ne, jikoki za su amfana. Ko a jikinta. Sai da na tashi zan saka takalmi ta tambaye ni ko wannan rediyon namu yana kaiwa ƙasar Katagum. Na ce mata ƙwarai kuwa, har ƙauyuka ana kama shi. Sai ta gyara zama.

“To kunna abin naki, ya binti, 'yata. Amma da sharaɗi, zan fara da gaisuwa.”

Na ce ai wannan ba komai ba ne. Na kunna.

Jama'a, gaisuwar nan ta kusa minti goma. Ta faɗi sunan da ake kiranta da shi tana yarinya, wanda ba shi ne a takardunta ba, kuma ba wanda ya san ta da shi a Jidda. Ta faɗi sunan mahaifinta da na kakanta, da sana'arsu ta jima, da sunan ƙauyensu, da unguwar, da rijiyar da ke bayan gidansu. Ta gai da goggonta, ta gai da matan gidan ɗaya bayan ɗaya, mutanen da ko shakka babu sun daɗe a ƙasa. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, ina ta satar kallon batirin rikoda, ina cewa a raina yaushe tsohuwar nan za ta shiga labari.

A ƙarshen gaisuwar ta kira sunan ƙanenta. Ta ce, “In kana raye, yayarka ce. Ba yar da kai muka yi ba, hanya ce ta riƙe mu. Ka neme ni.”

Daga nan ta shiga labarin, sai na gane. Tana 'yar shekara bakwai ko takwas iyayenta suka ɗaura niyyar Hajji a ƙafa. Ƙanenta ba a daɗe da yaye shi ba, aka bar shi wurin goggo a kan nan da shekara biyu za a dawo. Suka ratsa Chadi, suka zauna a Sudan suna tsintar auduga don su sami guzuri, a can mahaifinta ya rasu. Ita da mahaifiyarta suka ƙetaro teku. Aka yi Hajji, guzurin komawa bai samu ba, shekara ta bi shekara, mahaifiyar ta rasu, ita kuma ta yi aure. Ta sha ba alhazai saƙo, ba wanda ya taɓa dawo mata da amsa.

Amma kada ku ɗauka kuka ta zauna tana yi mini. Mun yi fiye da awa biyu, yawancinsa dariya. Ta ba ni labarin ranar da ta fara ganin teku ta ɗebo ta kurɓa, da yadda ta koyi Larabci wajen sayar da gyaɗa a ƙofar makaranta, da wata haihuwar 'yan biyu da ta karɓa ana ruwan sama ɗakin yana yoyo. Sau ɗaya tak muryarta ta karye, wajen rasuwar mahaifinta, shi ma ta share ido ta ce da Larabci halas, wato shi ke nan, ya wuce.

Na tura wa abokin aikina komai. Na yi masa dogon saƙon murya ina yabon kaina, sai a can ƙarshe na ce, af, ka bar mata gaisuwarta fa, ta roƙa. Ya ce ba damuwa. A nan na yi wautar da ba zan manta ba. Ni da na yi shekaru a ɗakin tace shiri, na fi kowa sanin cewa abu na farko da hannu ke kaiwa ya yanke a hirar tsoho shi ne gaisuwa. Haka aka koya mana, haka ni ma na yi wa mutane ba adadi. Ba ma saurarenta, muna ganin an fara “ina gai da” sai mu tsallake zuwa inda magana ta fara. Na san wannan sarai, amma na ɗauki “ba damuwa” na rungume.

Ranar da za a saka shirin, wata Asabar ce kafin azahar a agogon nan, na tafi Karantina da wayata. Na tarar Hajja ta tara mata sun fi goma, ta sa an dafa gahawa, ta saka farin mayafinta na zuwa Harami. Aka ajiye wayar a faranti a tsakiyar ɗaki.

Shirin ya fara da sarewa mai ban tausayi. Sai muryar abokin aikina, ya ƙanƙance ta, yana cewa yau za mu ji wata baiwar Allah da ta ƙare rayuwarta cikin ƙunci da kewa a ƙasar da ba tata ba. Ƙunci? Matar da unguwa guda ke miƙewa in ta shigo? Aka saka inda aka bar ƙanenta, aka saka rasuwar mahaifinta, wurin da muryarta ta karye kuwa har sau biyu aka maimaita shi. Babu teku, babu 'yan biyu, babu dariya ko ɗaya. Babu sunan ƙauye, babu sunan uba. Minti goma sha biyu, sarewa ta dawo, aka shiga tallar takin zamani.

Wata daga cikin matan ta ce da Larabci wai ko saura kashi na biyu. Hajja ba ta kalli kowa ba sai ni.

“Ina gaisuwata?”

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na fara kame-kame, ina cewa wataƙila lokaci ne ya yi musu kaɗan. Ta ce ita ba ta ce a ji tausayinta ba, abu ɗaya ta roƙa. Sannan ta sa aka zuba mini gahawa, don ita ba ta iya wulaƙanta baƙo ba. Wannan gahawar ta fi mari zafi a wurina.

Ko gida ban kai ba na kira abokin aikin nawa, a cikin tasi. Kun san ni da baki, ban rage masa komai ba, har direban yana leƙena ta madubi. Ya bari na gama, sannan ya ce, cikin sanyin murya irin na wanda bai ga laifinsa ba, wai shirin tarihi ne ba filin gaishe-gaishe ba. Wai wa zai zauna minti goma yana jin sunayen matattu? Wai kuma in gode Allah, shirin ya karɓu, mutane suna ta kira suna cewa sun yi kuka. Na ce masa kukan mutane ta ce tana nema ko ƙanenta? Ya ce in daina ɗaukar abu da zafi, zai duba.

Wata biyar yana dubawa. Yau shugaba ya yi tafiya, gobe jadawali ya cika, jibi a bari sai bayan azumi. Ni kuma na kafe a kan lallai tashar da ta yi ɓarnar ita za ta gyara, da bakinsu, a filin da suka yanke ta. Taurin kai ne kawai, na sani yanzu. Hajja kuwa duk ranar da na je ba ta tambayata, sai dai ta kalli jakata ta kau da kai.

Maigidana ne ya gaji da jin mitata, ya ce shin dole sai su? Ba wata tashar a ƙasar Katagum ɗin? Na ji haushinsa don ya yi gaskiya. Na nemi wata ƙawata da ke gabatar da filin gaishe-gaishe a wata ƙaramar tasha a can, na tura mata gaisuwar yadda take, ban taɓa ko numfashi ba. Ta saka ta ranar kasuwa, ta maimaita washegari, ta ce duk wanda ya gane gidan ya zo tashar.

Kwana huɗu aka yi. Kwana huɗu kacal, bayan shekara sittin da wani abu. Ƙawata ta kira ta ce ga wani magidanci ya zo a babur, ta miƙa masa wayar. Ya ce sunan kakansa ya ji, da rijiyar bayan gidansu, kuma wanda aka kira a ƙarshe mahaifinsa ne. Na miƙe tsaye, na ce ina baban yake? Ya ce Allah ya yi masa rasuwa, an yi sadakar arba'in makon da ya wuce.

Na zauna. Shi kuma ya ci gaba da magana, bai san abin da yake yi mini ba. Ya ce ai babansu ba ya rabuwa da rediyo, kuma ya ji wancan shirin na farko, suna tare a zaure. Da aka zo inda aka bar yaro wurin goggo, tsohon ya ɗauki rediyon ya manna a kunne, ya hana kowa motsi har aka gama. Da aka shiga talla ya ajiye, sannan ya ce, “Irin labarinmu ne. Da ma ta faɗi garinsu.”

Ta faɗa. Ta faɗi garin, ta faɗi unguwar, ta kira shi da sunansa. Mu muka yanke.

Washegari na tafi Karantina. Na gaya mata komai, ban ɓoye wata biyar ɗin da na ɓata ba. Ta yi salati, ta yi masa addu'a, ta tambayi 'ya'ya nawa ya bari. Sannan ta ce, “Amma ya ji muryata?” Na ce ya ji, Hajja. Ta ce, “To alhamdulillah. Ni ban ji tasa ba, amma shi ya ji tawa.” A ranar aka haɗa ta da ɗan ƙanen nata a waya, tana Hausa tana zamewa Larabci, shi kuma yana ta cewa na'am Goggo, ko ya gane ko bai gane ba.

Ita ta yafe, har ta ce in gai da abokin aikin nawa. Ban isar ba. Na dai tura masa abin da magidancin nan ya faɗa, ya amsa mini da cewa Allah ya ji ƙansa, haka Allah ya ƙaddara. Na yarda da ƙaddara, amma ƙaddara ba ita ta zauna a gaban kwamfuta ta zaɓi kuka ta zubar da sunaye ba. Daga ranar ban sake tura musu ko minti ɗaya ba.

Hajja ta rasu bayan an tashe su daga Karantina, a gidan jikarta. Na ci gaba da naɗar tsofaffi, kuma yanzu da kaina nake tacewa. Abin da na gane shi ne, mu masu rikoda muna shiga gidan tsoho da abin da muke so mu samu, ba ma tambayar shi me yake so ya aika. Muna cewa mun ba su murya, alhali aron ta muke yi mu yi abin da muka ga dama. Mutane suna ce mini shekaru sun wuce, in huce haka nan. Na gwada. Amma a lokacin ƙanen nata yana da rai, rediyo yana kunnensa, yayarsa tana kiran sunansa a cikin faifan da ke kan teburinmu, mu kuma muka saka masa sarewa.