Haliru Ne Sunan Ƙanena

Shekara takwas ke nan da muka rufe ƙanena Haliru a maƙabartar Magama, nan bakin iyakarmu da Nijar. Na san yawancin mutanen Jibiya da za su karanta wannan shafi za su tsaya suna tunanin wane Haliru nake nufi. To, abin da ya sa na ɗauki biro ke nan, kuma ba da daɗin rai na ɗauka ba.

Haliru shi ne mai gidan kallon ƙwallon da ke kusa da inda manyan motoci ke jiran kwastan su sallame su. Idan har yanzu ba ku gane shi ba, shi ne wanda kuke kira da sunan ɗan ƙwallon Brazil ɗin nan mai lamba tara. Sunan kam ba zan rubuta shi ba. Ya ci ƙanena da ransa, ba zai ci mini takarda ba.

Ni ce yayarsa, ni na goya shi, saboda haka ina da bakin faɗa. Yaro ne mai fara'a da son mutane, sai dai idan ya so abu ba ya san iyaka. Haliru yana saurayi lokacin da mutumin Brazil ɗin ya tsallako Turai, siririn yaro mai gudu kamar an biyo shi da bulala. Haliru ya dawo gida yana ba mu labari wai ɗan talakawa ne irinmu, wai da ƙwallon tsumma ya fara, ba takalmi. Innarmu ta tambaye shi ko yaron ya san da zamansa a duniya. Dariya kawai ya yi. Kafin mu ankara ya yi aski irin nasa, ya koyi rawar da yake yi idan ya ci ƙwallo, majalisa kuwa ta liƙa masa sunan. Direbobi suka kai shi Katsina, 'yan garin Ɗan Isa suka tsallaka da shi Nijar. Har jandarmomin can da sunan suke gaishe shi.

Me mutumin ya yi da wannan ƙauna? Ku da kuka fi ni sanin ƙwallo ku faɗa. Ya sumbaci rigar ƙungiyarsa ta farko a gaban duniya, ya dafa ƙirji, ya nuna shi da su mutu ka raba. Damina ba ta zagayo ba ya tattara ya koma wajen waɗanda suka fi tsoka. Haliru ya hau mota ya tafi Maraɗi ya sayo sabuwar riga, ya dawo ya sake wa bangon gidan kallo fenti. Mutumin ya yi faɗa da koci ya sake sheƙa, Haliru ya sake fenti. Bangon nan da za a kankare shi, da an karanta tarihin rashin amanar mutum ɗaya, launi a kan launi.

Da gwiwa ta fara ba shi matsala, tumbi ya fara fitowa, Turai ta gaji da shi, sai ya gangara wata ƙasa da ba mai kallon wasanta. Nan ma ƙanena ya bi shi. Ranar da manyan ƙungiyoyi ke karawa, gari ya cika, Haliru sai ya sa wasan gwaninsa a babbar talabijin, ya tura mutane su yi cincirindo a gaban ƙaramar. Masu kallo suka riƙa sulalewa zuwa wani gidan. Na yi masa faɗa har na gaji. Ya ce da ni ba a gudun mutum don ya faɗi. Wallahi maganar ta yi kyau, amma ga wanda ya cancanta ake yin ta.

Ciwon hanta ne ya kwantar da Haliru. A asibiti a Katsina ya cika da hantsi, muka taho da shi gida. Aka je masallaci aka ba da sanarwa a lasifika yadda aka saba, da sunan yanka da sunan uba: Allah Ya yi wa Haliru Isiyaku rasuwa, za a yi jana'iza bayan azahar. Mutanen majalisarsa suna zaune a rumfar ƙofar gidan kallonsa, a kan bencinan da shi ya sa aka ƙera. Sun ji sanarwar da kunnuwansu. Suka ce Allah Ya jiƙan Musulmi, suka ci gaba da gardamar wasan jiya. Mutumin da za a cika fili dominsa, 'yan uwa da maƙwabta da tsofaffin masallaci ne suka sallace shi, sahun bai kai bakin katanga ba. Sai da yamma ta yi, lokacin wasa ya zo, suka ga ƙofa a rufe, sannan suka nufo gidanmu suna buga ƙyaure suna ƙwala masa kira da sunan ɗan Brazil ɗin. Muna ciki da matarsa, ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba.

Tasi'u mai faci, wanda ya fi kowa cin abincin Haliru, shi ya shigo yi mini ta'aziyya a madadinsu. Ya durƙusa yana sharar hawaye, ya ce, "Hajiya, ai laifin mai sanarwa ne. Mi ya hana shi faɗin sunan da munka sani?" Abin da ke bakina a lokacin bai dace da zaman makoki ba.

Ina yawan tambayar kaina me Haliru zai ce da ya ga yau. Gidan kallon ya koma ma'ajiyar buhuna. Samarin sun koma kallo a waya, kowa ya sunkuyar da kai, rabinsu ma ba wasan suke so ba, caca suke bi. Gwanin nasa kuwa ya ajiye ƙwallo tuni. Jikokina sun nuna mini shi a waya, ya yi ƙiba, ya sha tabarau, yana tallan wani abin sha a bakin ruwa. Ƙungiyoyin da ya yi wa wasa babu wadda ke kewarsa, kowace ta san a kan me ya zo, a kan me ya tafi. Na san ƙanena sarai. Da yana nan sai ya nemo masa uzuri, ya ce ai mutum ya huta. Wannan ne ke ƙara ƙona mini rai, domin ko a tunanina ban iya cin gardamar.

Abin da ya tayar mini da tsohon miki shi ne haihuwar da aka yi wa Nura, babban ɗan Haliru, a bara. Namiji ne, kuma Nura ya ce sunan mahaifinsa zai mayar. Na yi murna har na yi guɗa, ni da na manta yadda ake yi. Sai ga matsalar da ban hango ba. Nura ba zai iya kiran sunan ubansa gatsal ba. Matarsa ba za ta kira sunan surukinta ba. Uwar Nura kuwa tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa furta sunan mijinta ba, ba kuma yanzu za ta fara ba. Dole a nemo wa yaro abin da za a riƙa kiransa da shi. Kafin a yi shawara a cikin gida, majalisa ta riga ta yanke tata. Tasi'u ya aiko da 'yar riga daga Maraɗi, ƙarama kamar ta 'yar tsana, lamba tara, da sunan nan ɓaro-ɓaro a bayanta.

Na ce da Nura ya mayar da rigar. Ya yi ta sosa ƙeya. Ya ce, "Gwaggo, abokan Baba ne, kuma shi kansa yana son sunan." Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Na tuna masa sahun jana'izar nan, amma rigar ya ajiye ta a ɗaki. Na koma gida da sanin cewa idan yaron nan ya sa ta sau ɗaya aka ɗauke shi hoto, an gama. Za a sake binne Haliru, wannan karon a cikin jikansa.

Ranar suna muna cikin gida, maza suna ƙofa. Liman ya yi addu'a, aka raɗa suna, maroƙi ya ɗaga murya ya ce yaro ya ci sunan Haliru. Can sai ga Nura ya shigo fuska a murtuke, ya wuce ɗaki bai kula kowa ba, ya fito da rigar a ƙudundune. Daga baya yake gaya mini abin da ya faru. Yana zaune dab da Tasi'u a kan tabarma, da aka faɗi sunan sai ya ji Tasi'u ya karkata ga na kusa da shi yana tambaya, "Haliru kuma? Sunan wa anka yi ma yaron?" Shekaru bayan jana'izar da suka rasa saboda wannan suna, bai ko riƙe shi ba. Nura ya miƙa masa rigarsa a gaban mutane, ya ce a kai wa mai sunan.

Yanzu a cikin gida Abba suke ce wa yaron, ban hana su ba, kunya ce kuma ta halatta. Amma ni kakarsa ce, babu sunan da ya fi ƙarfin bakina. Nakan kira shi a tsakar gida, nakan kira shi a ƙofa, da gangan nake ɗaga murya idan na ga 'yan majalisa na wucewa. Na mutumin Brazil babu abin da ya rage a garin nan sai fentin da ke ɓarewa a bangon ma'ajiyar buhuna. Na ƙanena kuwa, Allah Ya jiƙansa Ya yafe masa, ga shi nan yana rarrafe yana jawo mini buta. Jiya ya nufi murhu, uwarsa tana ta Abba, Abba, ko a jikinsa. Daga inda nake zaune na ce, "Haliru!" Ya tsaya, ya waiwayo.